Keken Kano zai koma Jos: a canza giyar gaba ko ta baya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Jos, ƙarshen wata zan tattara. Keken da nake hawa na gwanjo ne, firam ɗin alminiyam, kayan giyarsa Shimano 105 mai giya goma a baya. A jikin shifta, wato hannun canza giya, an rubuta ST-5700, diraila kuma, wato abin da ke matsar da sarƙa daga wannan giya zuwa waccan, RD-5700 mai gajeriyar ƙafa. Gaba faranti biyu ne, mai haƙora 53 da mai 39, kaset kuma, wato jerin giyoyin tayar baya, 12-25 ne, ƙarami haƙora 12, babba 25. A nan Kano lafiya lau nake, titin Zariya da na Wudil ai a shimfiɗe suke. Amma da na je neman masauki na ga hawan da ke cikin garin Jos kawai, na san gwiwata ba za ta ɗauka ba. Wani mai sayar da kaya ya turo mini hoton diraila Tiagra RD-4700 mai doguwar ƙafa da kaset 11-34, ya ce tunda goma ne da goma in ɗaura kawai. Kafin in tura kuɗi, me kuka gani?

Sarkin Gudu: Wa alaikumus salam. Goma goma ne mana, kuma duk gida ɗaya ne, Tiagra ƙanen 105 ne. In kana so ka saya. Amma ni a ganina 39 a gaba da 25 a baya ta ishi namiji ko'ina a ƙasar nan. Ƙafa za ka gyara, ba keke ba.

Na Rayfil: Sarkin Gudu, ka taɓa hawa Hawan Kibo, tudun nan na hanyar shiga Jos, kuwa, ko a mota ka wuce? Ka zo da 39/25 ɗinka mu gani. Ɗan Fagge, barka da zuwa tun kafin ka iso. Garin nan ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, Kano ko 500 ba ta kai ba, satin farko numfashinka ma sai ya ba ka labari. Ka rage giya, babu abin kunya.

Injiniya: Ɗan Fagge, kar ka tura kuɗin nan. RD-4700 ba zai yi aiki da shiftarka ba, ko da kuwa dukkansu goma ne.

Ga dalili. Shifta ba ta san kaset ba, abin da ta sani shi ne ta ja waya gwargwadon wani tsawo a kowane danni. Diraila kuma shi ke juya wannan jan wayar ya zama tafiya gefe. Tsofaffin kayan Shimano na titi, daga mai 8 har mai 10 irin naka (5600, 5700, 6700, Tiagra 4600), in an ja waya milimita ɗaya diraila yana matsawa kusan 1.7. Shiftarka tana jan kusan 2.3 a danni ɗaya, ka ninka da 1.7 ka sami kusan 3.95, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin haƙoran kaset mai goma. Da aka fito da Tiagra 4700 a 2015, sai aka ɗora shi a kan lissafin masu giya 11, wato kusan 1.4. Shiftar 4700 tana jan waya da yawa don ta cike. To in ka haɗa taka da shi, kowane danni zai ba ka kusan 3.2 maimakon 3.95. Danni biyu na farko za ka ce ya yi. Kafin ka kai tsakiya sarƙa na kuka, kafin ka kai babban haƙori ka yi asarar fiye da giya ɗaya da rabi. Wato 34 ɗin da ka saya dominta ba za ka taɓa kaiwa gare ta da daɗi ba.

Sarkin Gudu: Injiniya da lissafi. Ai akwai notin saita waya, a murɗa shi ya daidaita.

Injiniya: Notin nan yana matsar da duka giyoyin ne gefe guda, ba ya ƙara faɗin taku. Ka saita ta uku ta zauna, ta bakwai ta kauce. Ka saita ta bakwai, ta uku ta kauce.

Baba Mai Keke: Yaran nan ku saurari Injiniya, wannan karon gaskiya ya faɗa. An kawo mini irin wannan haɗin ya fi a ƙirga, kowa ya zo da cewa wai wani bakanike ne bai iya saiti ba. Ba laifin bakanike ba ne. Ka auna hatsi da mudun wata kasuwa ka juye a mudun wata, ko ka kwana kana jijjigawa ba zai cika daidai ba. Ni abin da nake gaya wa duk wanda ya zo rumfata: kar ka ƙirga giya, juya kayan ka karanta lambar da ke jikinsa. Tana nan a bayan diraila, ta shifta kuma sai ka ɗaga robar.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya na gode. To wane diraila ne zai ɗauki babban kaset kuma ya ji maganar shiftata?

Baba Mai Keke: Ka nemi na keken daji mai tara. Deore RD-M591 shi ne wanda na fi yarda da shi, yana ɗaukar 34, kuma yana da notin saita waya a jikinsa. Alivio mai tara ma yana yi. Kar ka ji tsoron wai tara ne kai kuma goma. Diraila ba ya ƙirga, shifta ce mai ƙirga. Lissafin jansu ɗaya ne da naka.

Amma abu biyu. Na ɗaya, kar a ba ka na keken daji mai goma, wanda aka rubuta Dyna-Sys, wannan daban yake, ba ya tafiya da shiftar titi. Na biyu, a cikin tarkacen gwanjo akwai waɗansu tsofaffin Deore da XT masu sifirin a juye, ana ce musu Rapid Rise. In ka saki waya, maimakon ya koma ƙaramin haƙori sai ya tafi babba. Zai yi aiki amma shiftarka za ta koma baibai. Ka riƙe shi a hannu ka ga inda yake hutawa kafin ka biya.

Injiniya: In kuma ba ka son kayan daji a jikin keken titi, Sora RD-R3000 mai doguwar ƙafa yana nan, shi ma 34 yake ɗauka, kuma har yanzu yana kan tsohon lissafin. Sai dai a lura da M592 da sauran masu suna Shadow, ba su da notin saita waya. Da su sai ka sa na cikin layin waya.

'Yar Gwarinpa: Ni dai ban yarda a fara da baya ba. Matsalar keken nan a gaba take. 53/39 na 'yan tsere ne masu ƙafar ƙarfe. Yayana, gaya mini gaskiya, yaushe rabonka da sa 53 da 12 a kan titi ba gangara ba? A sa masa faranti 50/34 da kaset 11-28, ya bar dirailansa yadda yake. RD-5700 gajere a takarda yana ɗaukar 28. Ni haka nawa yake, kuma hawan Abuja ba wasa ba ne, wanda ya bi hanyar Mpape ya sani.

Ɗan Fagge: Anti kin kama ni. 53 da 12 sai in iska na bayana. To farantin kawai zan canza, in kwance 39 in ɗaura 34?

'Yar Gwarinpa: A'a, ba zai shiga ba. Kusoshin da ke riƙe faranti a kirankinka, wato hannuwan da feda ke ɗaure a jikinsu, suna kan da'ira mai faɗin milimita 130. Mafi ƙanƙantar farantin da zai zauna a kai 38 ne. Mai 34 sai kiranki mai 110. Don haka kiranki gaba ɗaya za ka nema, FC-5750 shi ne ɗan gidansu, ko Tiagra FC-4650. Daɗin abin, in naka Hollowtech II ne, mai bututu 24 a manne da hannun dama, boris ɗin tsakiya ba sai ka taɓa ba. Zare wannan, zura wancan.

Injiniya: Bari in sa lambobi a gabanmu don kar a yi ta ja da baki. Taya 700x25 tana cin kusan mita 2.105 a juyi ɗaya. Raba haƙoran gaba da na baya, ka ninka da wannan, ka san nisan da juyin feda ɗaya ke kai ka.

39/25 da yake da ita yanzu: mita 3.28
34/28, shawarar Anti: mita 2.56
39/32: mita 2.57
39/34, shawarar Baba: mita 2.41
34/32: mita 2.24

Ku duba, 34/28 da 39/32 kusan abu ɗaya ne. Kuma shawarar Baba ta fi ta Anti sauƙin hawa da kaɗan. A hawan da gudunka ya faɗo kilomita 8 a awa, da 39/25 fedarka na juyawa kusan 41 a minti, wannan niƙa gwiwa ne. Da 39/34 kusan 55, da 34/32 kusan 60. Can sama kuma, 50/11 a juyi 90 a minti tana ba da kusan kilomita 52 a awa, ta ma fi 53/12 ɗinsa tsawo kaɗan. Saboda haka wanda ke tsoron wai in ya sauka daga 53 zai rasa gudu, ya kwantar da hankalinsa.

Sarkin Gudu: To an ji, na janye maganar diraila. Amma ban janye ta ƙafa ba. Da can mutane da 42 a gaba suke hawa duwatsun Faransa.

Na Rayfil: Su ma jikokinsu yanzu da manyan kaset suke hawa. Kuma su aikinsu ke nan, ana biyansu. Ɗan Fagge daga keke ofis zai wuce.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da muhawara. Ni akwai abin da ba ku faɗi ba game da 11-34, kuma shi ne ya sa na tsane shi. Ku dubi jerin haƙoransa a mai goma: 11, 13, 15, 17, 19, 21, 23, 26, 30, 34. Na Ɗan Fagge kuwa 12, 13, 14, 15, 16, 17, 19, 21, 23, 25. Wanda ya saba da ɗai-ɗai daga 12 zuwa 17, ranar da ya koma bibbiyu zai ji a jikinsa. A fili, iska na dukan ƙirjinka, 15 ta yi nauyi, 17 ta yi sako-sako, 16 da kake nema babu ita. Mu nan hanyar Zinder ba dutse muke faɗa da shi ba, iska ce, kuma da lokacin sanyi ba ta da mutunci. Don haka ina bayan 'Yar Gwarinpa. 11-28 ta fi kusa da abin da ƙafarsa ta sani.

Na Rayfil: Maganarka gaskiya ce a Maraɗi. A nan fili nawa ne? Kana sauka kana hawa, ba ka zama a giya ɗaya minti biyar balle ka ji kewar 16.

Ɗan Maraɗi: Ai zai riƙa zuwa gida hutu.

Na Rayfil: Sai ya ajiye 12-25 ɗinsa a jaka, in ya zo Kano ya mayar. Aikin minti goma ne in da abin kwancewa.

Baba Mai Keke: Ni ba faɗa nake da faranti 34 ba, abu mai kyau ne. Aljihu nake dubawa da kuma abin da ake samu. Diraila mai tara na keken daji, kowace rumfar gwanjo ka zazzage buhu sai ka samu. Kiranki 50/34 mai lafiya kuwa sai an sha nema, in an samu kuma haƙoran babban farantin sun cinye sun yi tsini. Sannan ku tuna da dirailan gaba. In ka sauka daga 53 zuwa 50 dole shi ma ya sauko, ya rage milimita ɗaya zuwa uku tsakaninsa da haƙori. In mai ɗamara ne da ke zagaye bututu, ba matsala, sassauta ka zame shi. In kuwa a kan kunnen da aka liƙa a firam yake, waɗansu tsofaffin firam ramin ba ya sauka sosai. Sai ka ga sarƙa na faɗuwa kullum.

Ɗan Fagge: Na duba yanzu Baba. Mai ɗamara ne, an rubuta 34.9.

Baba Mai Keke: To ka huta da wannan.

Injiniya: Tunda an zo kan dirailan gaba, shi ma kar a ba ka FD-4700. Mai dogon hannu ne, an yi shi don jan shiftar 4700. Naka FD-5700 yana ɗaukar bambancin haƙori 16, kuma 50 a cire 34 sha shida ne daidai.

Sai maganar da ake yawan mantawa. Diraila yana da iyaka biyu, ba ɗaya ba. Akwai babban haƙorin da zai iya hawa, akwai kuma yawan sarƙar da ƙafarsa za ta iya tattarewa. Ta biyun haka ake lissafa ta: bambancin gaba a tara da bambancin baya. 50/34 da 11-28, wato 16 da 17, ya ba da 33. RD-5700 gajere 33 ne iyakarsa, ka ga an cika maƙil, babu rara. 53/39 da 11-34 kuwa 14 da 23, 37 ke nan. Sora dogo yana da 43, M591 yana da 45. In ya haɗa duka biyun, 50/34 da 11-34, 39 ne, har yanzu suna ɗauka.

Ɗan Makaranta: Manya ku yi haƙuri in tsoma baki. Me zai hana ya koma mai giya 11 gaba ɗaya, 105 R7000, ya huta? Ni shi nake tara wa kuɗi.

'Yar Gwarinpa: Ƙanena, ƙirga abin da zai saya: shifta biyu, diraila biyu, kaset, sarƙa. Kusan ka ce wani keken ne. Kuma ga wili. Wuyan hob, wato cibiyar wili, da kaset mai 11 na titi ke zama a kai ya fi na 8, 9 da 10 tsawo da milimita 1.85. Wilinsa na zamanin 5700 da wuya ya zama mai 11.

Injiniya: Akwai ƙofa ɗaya a nan. Kaset 11-34 mai sha ɗaya, CS-HG700 ko HG800, yana zama a kan wuyan mai goma, saboda babban haƙorin an lanƙwasa shi ya leƙa kan sifok. Amma 11-28 ko 11-30 mai sha ɗaya ba za su zauna ba. Duk da haka ina tare da Anti, ƙarin haƙori ɗaya bai kai wannan kashe kuɗin ba, ga shiftarsa lafiyarta ƙalau.

Ɗan Makaranta: To ni nawa Claris ne mai takwas, kuma na sayi wili na hannu wanda aka ce mai 11 ne. Kaset ɗin yana girgiza ko na ɗaure iya ƙarfina. Ruɗata aka yi?

Baba Mai Keke: Ba a ruɗe ka ba ɗana. Washa ce babu. Ka sa mai kaurin 1.85 a can ciki kafin kaset ya shiga, sannan ka ɗaure. Kar ka ƙara hawa a haka, yana cin wuyan hob, in na alminiyam ne ma ya fi saurin lalacewa. Shi ma Ɗan Fagge ya lura, kaset ɗinsa na 105 yana da wata siririyar washa mai milimita ɗaya a bayansa. In zai mayar da shi wata rana, kar ta ɓata.

Sarkin Gudu: Baba, wannan duk wahalar zamani ce. Keken Peugeot ɗin da na fara da shi, shiftarsa a jikin firam take, babu ƙas-ƙas. Duk abin da ka ɗaura yana tafiya.

Baba Mai Keke: A nan kam mun haɗu. Shiftar da ba ta da danni ba ruwanta da lissafin Injiniya, hannunka da kunnenka ne lissafin. Campagnolo a baya, Shimano a gaba, sarƙar wani kamfani, duk tafiya suke. Har gobe wanda zai yi doguwar tafiya cikin ƙauyuka ita nake ba shi shawara, don ko waya ta saki ko kunnen firam da ke riƙe diraila ya ɗan lanƙwashe za ka lallaɓa ka isa. Sai dai a goma tazarar ta matse, sai mai haƙuri. Kuma a gangaren Jos ba na son yaro ya saki kai da hannu ɗaya yana laluben ƙasa.

Tunda ka ambaci tsohon Peugeot, masu irinsa su sani: mafi yawa firiwil ne mai murɗawa, ba kaset ba, kuma faɗin bayan firam 126 ne ko ƙasa da haka, na zamani mai birkin rim 130. Firam ɗin ƙarfe ana iya buɗa shi kaɗan. Na alminiyam ko kabon kar wanda ya gwada.

Ɗan Maraɗi: Su kuma tsofaffin na Faransa zaren boris ɗin tsakiyarsu nasu ne daban, ba irin na Ingila ba. Muna da su da yawa a nan. Mutum ya sayo sabo ya yi ta murɗawa da ƙarfi har ya kashe zaren firam.

Ɗan Fagge: Wani ya yi mini magana ta gefe, wai yana da kaset SRAM 11-32 mai goma. Shi kuma fa? Ko sai Shimano?

Injiniya: Karɓi, in haƙoransa na da rai. A mai 8, 9 da 10, kaset ɗin SRAM da na Shimano tazararsu ɗaya, wuyan hob ɗaya. SunRace da microSHIFT ma haka. Sarƙa ma ba ta da ƙabila, KMC ko SRAM ko Shimano, muddin ta goma ce. Inda ba a haɗawa shi ne shifta da dirailan baya: shiftar SRAM sai dirailan SRAM. Campagnolo kuwa wuyan hob ɗinsa ma daban ne, tazarar mai gomansa ma daban. Sababbin kayan Sin irin su Sensah da L-Twoo, waɗansu samfuransu na bin lissafin Shimano, waɗansu ba sa bi, sai an bincika samfurin. Haka CUES da Shimano ya fito da shi a 2023, gidansa daban ne, ba ya haɗuwa da waɗannan tsofaffin.

'Yar Gwarinpa: 11-32 ta fi 11-34 daɗi a wajena, ta kan zo da 12, tsallen ƙasa bai yi yawa ba. To ga sulhu: ya ɗauki 11-32 da dirailan Baba yanzu, in ya je ya ga bai isa ba ya nemi 50/34 a hankali. Duk abin da ya saya yanzu zai ci gaba da amfani a lokacin.

Na Rayfil: Ni na san ƙarshenta sai ya sayi 50/34 ɗin. Amma a bar shi ya ji da ƙafarsa.

Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu da kiranki zan fara. Amma kekensa ne.

Baba Mai Keke: Ko wanne ya zaɓa, sabuwar sarƙa dole. Dalili biyu. Wadda ke kai an yanke ta ne don 25, ba za ta kai 32 ba. In ka bar ta, ranar da ka manta ka sa babba da babba kana tsakiyar hawa, diraila zai miƙe ya karya kunne, wani lokaci ya shige cikin sifok. Awon ba wuya: naɗa sarƙa a babban faranti da babban haƙorin baya ba tare da ta bi cikin diraila ba, inda ta haɗu ka ƙara inci ɗaya, wato gaɓa biyu, ka yanke.

Na biyu, tsohuwar sarƙa tana cinye sabon kaset. In ba ka da abin awo, sa rula: daga tsakiyar ƙusa zuwa ƙusa ta 24 gaba inci 12 ne cif a sabuwa. In ta wuce da ɗaya bisa sha shida na inci, ta gama aiki. Kuma ka buɗe ido, jabun sarƙa ta cika kasuwa, kwali mai kyau, suna mai kyau, wata ɗaya ta miƙe. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, ajiye ta.

Ɗan Makaranta: Baba, ta takwas ba za ta yi masa ba? Ta fi arha kuma ta fi kauri.

Baba Mai Keke: Kaurin ne matsalar. Ta takwas ta haura milimita 7 a faɗi, ta goma kusan 6. Za ta riƙa gogar haƙorin maƙwabta. Tsawon gaɓa dai ɗaya ne a dukkansu, rabin inci, shi ya sa ake ganin kamar za ta yi.

Injiniya: Ƙari kaɗan: sarƙar Shimano mai goma irin CN-5701 da CN-4601 tana da fuska. Gefen da ke da rubutu shi ke kallon waje.

Na Rayfil: Kuma don Allah ka bar baƙin man inji a Kano. Da hunturu ƙura na manne masa, ta zama abin da ke cin sarƙa da haƙori tare. Mai kaɗan, a goge da tsumma har ta yi kamar babu. Damina kuma a nan ruwa ya fi na Kano yawa nesa ba kusa ba, ka riƙa share ta in ka dawo. Robar birki ma ka zo da sabuwa, abin da ka hau sai ka sauko shi.

Ɗan Fagge: Alhamdu lillahi, na gode ƙwarai. Na gaya wa mai Tiagra ya yi haƙuri. Na karɓi SRAM 11-32 ɗin, kuma na sami M591 a wajen wani mai gwanjo, na gwada sifirin kamar yadda Baba ya ce, ƙaramin haƙori yake komawa. Mun ɗaura da sabuwar KMC. Giya tara suna shiga tsaf, amma in na hau 32 ina jin gurnani kamar wani abu na gogawa, kuma tsakanin ta huɗu da ta biyar yana ɗan jinkiri.

Sarkin Gudu: Ka ga abin da nake gudu ke nan.

Baba Mai Keke: Sarkin Gudu ka yi shiru, wannan ba komai ba ne. Gurnanin, ƙaramar tayar diraila ta sama ce ke taɓa haƙorin 32. Akwai sukuru na uku a baya, wanda ke tokare da kunnen firam, ban da masu H da L da ke hana diraila wuce iyaka. Sa giya a 39 da 32, ka ɗaure shi a hankali har ka ga haske tsakaninsu, kamar milimita biyar ko shida. In ya ƙure bai isa ba, a sa sukuru mai tsawo. Sannan ka sake duba L, kar diraila ya wuce ya taɓa sifok.

Jinkirin kuwa, kun canza waya da rigarta?

Ɗan Fagge: A'a Baba, tsohuwar muka mayar.

Baba Mai Keke: To canza. Shiftar 5700 wayarta a ƙarƙashin naɗin kai take bi, lanƙwasa ta yi yawa, ga jan nata kaɗan ne, ɗan datti kaɗan sai ya nuna. Kuma tana yawan tsintsinkewa a can cikin shifta kusa da kan wayar. In ta tsinke a ciki, fito da guntun aiki ne. Ka tabbata rigar giya aka ba ka, ba ta birki ba, ta birki tana matsewa. Guntun rigar da ke shiga diraila a baya kuma a yanka shi da ɗan tsawo, M591 ya fi son lanƙwasa mai faɗi. In an yi duk wannan bai daina ba, a duba kunne. Keken gwanjo da ya sha danniya a kwantena da wuya ka sami kunnensa a miƙe. Tsaya a bayan keken ka kalli ƙafar diraila, ta sauko daidai da haƙorin da sarƙa ke kai. In ta karkata ciki, kai wa mai abin miƙarwa, kar ka ja da hannu ta jikin diraila.